Sabon But a Hanyar Nok

Tun da na dawo daga Nok ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin Ɗanlami mai shayi, kafin ya fasa ƙwai, wani zai ce, "Baba Dogara, wai da gaske mace ce ta koya maka tuƙi?" Wani ya ce, "Wai a rafi aka tsamo ka?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk sanda na bayar sai in ga rafin ya ƙara zurfi. Shi ya sa na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, in rubuta shi sau ɗaya kafin rafin ya zama kogi. A aji uku na tsaya, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Shekara talatin da wani abu ina hawan mashin a garin nan na Kafanchan, kuma duk da silifa. Yatsana na hagu shi ya san giya, na dama shi ya san birki, ni dai zama nake yi a sama ina gaida mutane. Ɓarna biyu kawai na yi. Ta farko, shekara tara ke nan, mashin ya kayar da ni da matata Saratu a kwanar coci, salansa, wato bututun hayaƙi, ta ƙone ta a ƙwauri. Tabon yana nan kamar tafin hannun jariri, kuma daga ranar ba ta sake hawa bayana ba. Ta biyu bara ce a bayan kasuwa. Silifa ya zame, ƙafa ta sauka a tsakuwa, farcen babban yatsana ya tafi, har yau ban san inda yake ba.

Bayan wannan ne 'yata Rahila, wadda take aikin nas a Kaduna, ta zo gida da wani kwali. Ta zaunar da ni a gaban uwarta kamar wanda dattawan ikilisiya suka kira. Ta buɗe kwalin. Takalmi ne baƙi, dogo har ƙwauri, da zif a gefe da maɗauri biyu, bakinsa da tauri kamar ƙwaryar kwakwa. Ta ce sunansa but, na masu mashin ne.

"Baba, ka ji da kyau," in ji ta. "Daga yau ba hawa sai da wannan. Kuma in ka sake dawowa gida da ciwo a ƙafa, ko ƙanƙani ne, Mama za ta karɓi makulli, a sayar da mashin."

Na dubi Saratu ko za ta tausaya. Ta ce, "Ni na ba ta shawarar."

Ku da kuka san ni kun san abin da wannan ke nufi. In aka raba ni da mashin, an mai da ni tsohon da ke zama a ƙofar gida yana ƙirga kaji.

To, ga inda na yi wautar. Mu a yadda muka tashi, ba a ɓata sabon abu a ranar banza. Sabuwar riga tana jiran Kirsimati. Mahaifina, Allah ya ba shi hutu, a kafaɗa yake rataya takalminsa har ƙofar majami'a, can zai goge ƙafa ya sa. Saboda haka na ɗora kwalin a kan wadirob, na ce sai babbar rana. Babbar ranar kuwa tana tafe, domin ɗana Ishaya ya ga yarinya a Nok, an sa Asabar za mu je gaida iyayenta. Rahila ta yi ta bugo waya. "Baba, kana sa shi kullum ko? Ka riƙa yawo da shi a tsakar gida ya saba da ƙafarka." Ni kuwa in ce, "Yanzu haka ina cikinsa," alhali ƙafata tana cikin bokitin ruwan ɗumi. Sati uku ina wannan ƙarya, ina kuma zuwa sujada.

Su Saratu da Ishaya da ƙanena suka ce za su bi bas ranar Asabar da safe. Na ce ni zan riga su ranar Juma'a, in duba musu hanya. Gaskiyar magana, so nake mutanen Nok su fara ganin takalmin kafin su ga sauran dangi.

Juma'a da safe na sauko da kwalin. Sa shi kaɗai ya ɗauke ni tsawon wa'azin fasto baƙo. Da na miƙe, sai na ji kamar an dasa ni. Idon sawu ba ya lanƙwasa, ƙasa ma ban san tana nan ba. Na buga kik, but ya zame, na kusa sumbatar tanki. Da mashin ya tashi na taka giya, ban ji komai ba, na ƙara takawa, ashe na wuce ta ɗaya na wuce ta biyu. Mashin ya yi tari ya mutu. Sau uku a ƙofar gidana. Saratu tana tsaye da tsintsiya tana kallona, abin da ya fi zagi ciwo.

Da na hau titin Kwoi sai abin ya fara daɗi. A shingen jami'an tsaro na farko, inda kullum ake tsayar da ni a tambaye ni har sunan kakana, wani ya dubi ƙafata, ya ƙame, ya ce, "Weldon sa!" Ya janye katakon da kansa. Na ɗaga masa yatsu biyu kamar yadda na ga manya suna yi. A shinge na biyu ma haka. Kafin in kai ƙasar Kagoma na riga na ba kaina muƙamin kyaftin mai ritaya.

Sai dai mashin ya yi nauyi. Ina murɗa totur yana nishi kamar an ɗora masa buhu huɗu. Na ce man da aka sayar mini ne ba kyau, na yi ta zagin mai man a zuciyata. Diddigena biyu kuma suka fara zafi, kamar ana goga musu barkono. Can kuma na fara jin ƙauri.

Daidai inda aka ce ƙasar Jama'a ta ƙare an shiga ta Jaba, wani mashin ya zo gefena yana ta hon. Na waiga. Mace ce, za ta yi shekara hamsin, da hular kwano a kan ɗankwali, buhun citta uku ɗaure a bayanta, sun fi ta tsawo. Tana riƙe da mashin ɗin nan kamar tana riƙe da muciya.

"Baba, ka tsaya! Ka tsaya, na ce!"

Na tsaya, na kusa faɗuwa, domin na sauke ƙafa ban san ta kai ƙasa ba. Ta kafe nata, ta zo ta watsa ruwan gora a cibiyar tayata ta baya. Ruwan ya yi cuu, hayaƙi ya tashi.

"Tun daga nesa ina bin ka, wutar birkinka ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Kana tafiya kana taka birki. Kana so ka gasa taya ne?"

Na ce, "Madam, ni ban taka komai ba."

"Kai ba ka taka ba. Takalminka ya taka." Ta sunkuya ta duba shi. "Yaushe ka fara sa wannan?"

Na ce da safen nan.

Ta ɗora hannu biyu a ka. "Yesu! Sabon but, sabuwar ƙafa a ciki, ka kama babban titi? Baba, wa ya yi maka wannan mugunta?"

Na ce ni na yi wa kaina.

Sunanta Talatu, citta take saye a ƙauyuka tana kaiwa Kwoi. Sai a lokacin na lura ita ma but ne a ƙafarta, ja, ya sha duniya, ya yi laushi kamar fatar ganga. Ta ce a gwanjo ta saya shekara shida da suka wuce, kuma kwana goma ta yi tana shara da daka da zuwa rijiya a cikinsa kafin ta yarda ta hau mashin da shi. Ta kwance wata 'yar jaka ta fito da sifana. A bakin titin nan, motoci na wucewa, ta sassauta ƙarfen birkina ta sauke shi ƙasa kaɗan don bakin but ya daina kwanciya a kai, ta gyara sandar giya yadda kaurin takalmin zai samu wuri. Ni da na yi shekara talatin a kan mashin ban taɓa sanin waɗannan ƙarafa suna matsawa ba. Na ɗauka haka Allah ya halicce su.

"Nok za ka? Yau ba za ka ba," in ji ta. "Bi ni a hankali."

Na bi ta kamar ɗan akuya.

Jama'a, na sha jin ana cewa Kwoi garin citta ne, amma ji daban, gani daban. Lokacin tono ne. Duk inda ƙasa ta yi faɗi an shanya citta, an tsaga ta biyu, fari fat har inda ido ya tsaya. Iskar garin kanta yaji gare ta. Mu a gida Saratu ɗan guntu take jefawa a kunu tana lallaɓa sauran kamar magani. Can kuwa mata na zaune a kan tsibinta suna hira, wuƙa na tafiya a hannunsu ba sa ko dubawa. A gidan su Talatu surukarta, tsohuwa mai ido ɗaya, ta nuna mini hotuna a bango. Wannan likita ne, wannan lauya ce, wannan yana koyarwa a jami'a. Ta ce, "Duk citta ta haife su, ni dai goyo na yi." Na cire hula.

Aka ba ni faten acca da yakuwa da gyaɗa, mai zafi, na ci kwano biyu ina cewa na ƙoshi tun a na farko. Sannan aka zo cire takalmi. Diddige biyu sun yi bororo, kowanne kamar ƙwan tattabara. Na dube su, na ga makullina yana tafiya. Na ba su labarin sharaɗin Rahila. Tsohuwar ta yi dariya har ta share hawaye daga idon mai gani. Ta wanke mini da ruwan gishiri, Talatu ta liƙa filasta, ta ba ni safa mai kauri ta mijinta, ta ce siririyar safar coci da na sa ita ta ƙara cuta ta. But ɗin kuma suka shafe shi da man kaɗanya, tsohuwar ta zauna tana lanƙwasa wuyansa gaba da baya kamar mai tausa.

Da rana ta yi sanyi Talatu ta kai ni wani fili a bayan gida, ta ce in hau. Matan da ke tsaga citta suka juyo da kujerunsu.

"Ka manta da yatsanka, Baba. Yatsa ya yi ritaya. Yanzu da kunne za ka ji giya ta shiga, da jikinka za ka ji birki ya kama. Ɗora tudun ƙafa a kan mataki, kada ka bar bakin takalmi yana lilo a kan birki. In za ka taka, ka matso da ƙafa, ka taka a hankali, ka mayar. In za ka tsaya, hagu ce ke sauka, dama tana kan birki. Oya."

Ta ajiye kwando a tsakiyar fili ta ce in tsaya kafin in taɓa shi. Na farko na tsaya da nisa kamar ina jin tsoronsa. Na biyu na bi ta kansa. Wata daga cikin matan ta ce, "Soja ya kashe kwando!" Aka kwashe da dariya. Na yi ta zagaye, tashi, giya, birki, tsaya, har na daina ƙirgawa. Can wajen faɗuwar rana sai wani abu ya faru da ban iya bayyana shi sosai ba. Na taka, na ji mashin ya amsa ta cikin takalmin, kamar muryar mutum ta bayan ƙofa. Na tsaya tayata na shafar kwando. Matan suka yi guɗa. Ni da jikoki shida, na ji daɗin guɗar nan fiye da ta ranar aurena.

A ɗakin ajiyar citta na kwana, kuma ban taɓa yin atishawa irin ta wannan kwana ba. Da safe Talatu ta raka ni har mararraba. Na ce Ubangiji ya tsare ta a hanya. Ta ce, "Amin. Kai kuma ka kashe wutar birki."

Hanyar Nok ta bar kwalta ta shiga tsakanin duwatsu da gonaki. Ina tafiya ina jin kowace giya tana shiga, ina yi wa kaina kirari. Saura kaɗan in shiga gari akwai gangara zuwa wani ɗan rafi. Ruwansa bai kai idon sawu ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Ina cikin gangarar sai ga uwar alade ta fito daga ciyawa da 'ya'yanta a jere. Da Dogaran da ne, da ƙafa biyu zai zuba a ƙasa yana jan silifa. Na matso da ƙafa, na taka a hankali yadda aka koya mini. Mashin ya rage gudu, aladu suka wuce lafiya. Amma yashi ya kama tayar gaba, muka kwanta ta dama, a hankali, kamar tsofaffi biyu. Salansa ta sauka daidai kan idon sawuna.

Na san salansa. Na ji ihun Saratu a kwanar coci, ban manta ba. Na rufe ido ina jiran wutar ta iso. Na ji ƙaurin fata na ƙonewa, na ce shi ke nan, an fara gasa ni. Na jira. Na ƙara jira. Sai ɗumi kawai, kamar kyanwa ta kwanta mini a ƙafa. Wasu mata biyu da suka fito daga gona suka ajiye kwanoninsu suka ɗaga mashin, suna ta "Sannu Baba, sannu Baba." Na tashi na taka. Ƙafa tana nan. A gefen but kuwa ga wani tabo, fatar ta ƙone ta murtuke. Na zauna a kan dutse a bakin rafin na daɗe ina kallonsa. Ban yi wata doguwar addu'a ba. Na ce, "Uba, na gani."

Na wanke laka na shiga gari. Bas ɗin su Saratu ya riga ni. Gidan Baba Sambo, mahaifin yarinyar, ya cika, an shimfiɗa tabarmi a falo. Na ja ƙafar wando na rufe tabon. Baba Sambo ya fito ya rungume ni ya ce, "Shigo haka, shigo da takalminka, ba komai." Na ji kamar in ba shi Ishaya kyauta har da ƙanensa.

Sai muryar Saratu daga ciki: "A'a, Baba. Mu a gidanmu ba a gaida surukai da takalmi."

Ƙafa ta kumbura saboda doguwar tafiya, but ya ƙi fita. Ƙanena ya riƙe ni ta hammata, Baba Sambo da kansa ya kama diddige yana ja, mutumin da muka zo roƙon 'yarsa. Da na dama ya fita sai da ya koma da baya ya zauna a kan kujera. Saratu ta karɓi takalmin daga hannunsa. Ta juya shi. Ta ga tabon.

Ban jira tambaya ba, na faɗi komai: kwalin da ke kan wadirob, ƙaryar waya, birkin da na gasa, Talatu, kwando, alade. Ta durƙusa ta cire mini safa a gaban surukai, ta duba idon sawu, ta juya shi hagu da dama. Ko ja bai yi ba. Ta ɗaga filasta ta ga bororo. Sannan ta koma kan takalmin, ta sa babban yatsanta a cikin ƙunar, ta daɗe. Na ga ɗaya hannun ya sauka kan ƙwaurinta, inda nata tabon yake a ƙarƙashin zane.

Wayarta ta yi ƙara. Rahila ce, kamar an aike ta.

"Mama, ya iso? Yaya ƙafar?"

Saratu ta dube ni. Na dubi silin.

"Ya iso," in ji ta. "Ƙafa biyu, yatsu goma, farce tara, yadda ya bar gida."

"Ba ciwo?"

"Akwai bororo a diddige. Amma wannan ba mashin ya yi ba, taurin kai ne. Shi kuma ba a sayar da shi, da na daɗe da sayarwa."

Baba Sambo ya yi dariya har da buga cinya, ya ce gidan da ake faɗin gaskiya haka zai iya ba su 'ya. Gaisuwa ta yi kyau, aka ci tuwon acca da miyar karkashi, aka yi addu'a.

Washegari bayan sujada Baba Sambo ya kai mu wani ɗan ɗaki inda ake ajiye abubuwan da aka tono a ƙasarsu. Kawunan mutane ne na yumɓu, da idanu a buɗe, da kitso, wani ya dafa haɓa kamar yana tunanin abin da zai ci. Mai kula da wurin ya ce tun kafin a haifi Yesu aka gina su. Mutane sun zauna a kan duwatsun nan, sun yi kitso, sun yi gardama da matansu, tun ba mashin ba titi. A wani lungu na ga guntuwar ƙafa, ita kaɗai, da yatsunta a jere, ba takalmi. Na ce wa Saratu a hankali, "Kin gani, shi ma silifa ya sa." Ta make ni a kafaɗa a gaban kayan tarihi.

Da aka zo tafiya, bas ya tsaya, Ishaya ya riƙe wa uwarsa ƙofa. Ni ina gefe ina ɗaure maɗaurin but. Sai na ji mashin ya nutse ta baya. Na san nauyin nan, shekara tara ban ji shi ba.

"Ka tafi a hankali," in ji Saratu. "In ka ga alade ka gaishe shi daga nesa. Kuma ka tsaya a Kwoi, ina so in ga matar nan."

Hular kwanona na ba ta, Baba Sambo ya ara mini tasa. Muka tsaya a Kwoi. Ita da Talatu suka shige ɗaki suka bar ni da tsohuwa, ina jin dariyarsu ta taga, na kuma san da wa ake yi.

To, Ɗanlami, da ku sauran 'yan teburi, amsarku ke nan. E, mace ta koya mini. A'a, ba a tsamo ni a rafi ba, a gefensa aka ɗaga ni. Wanda ya sayi sabon but ya yi shara da shi, ya je kasuwa da shi a ƙasa, ya nemi fili da kwando kafin ya nemi titi. Makulli yana hannuna, sai dai kullum da safe sai Saratu ta leƙo ta dubi ƙafata kafin in fita. Satin da ya wuce kuma wani kwali ya iso daga Kaduna, da but a ciki, ƙarami, ja. Ban ce a ɗora shi a kan wadirob ba. In kun bi ta ƙofar gidana da safe kuka ji ƙaf, ƙaf, ƙaf a tsakar gida, Maman Rahila ce take shara. Yau kwananta shida, saura huɗu.